Shafin Da Muka Buɗe Da Kawunku Isuhu

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta maku labarin kakanku da gonarsa ta Riko, na rubuta yadda na shiga aikin koyarwa, duk ban sha wata wahala ba. Amma da zarar na zo kan Kawunku Isuhu sai in ajiye biro in ce sai gobe. Yanzu idona ya fara rauni, kuma na san abin da kuka taso kuna ji a bakin mutane: wai ni da yayan mahaifiyarku mun yi sana'a tare, na cinye masa kuɗi, ya yi fushi ya bar ƙasar. Ban ci masa ko kwabo ba. Abin da na yi masa daban ne, kuma a wurina ya fi cin kuɗi nauyi.

Isuhu ya zo Jibiya 'yan shekaru bayan an dawo da Shari'a a jiharmu, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun talaka. Mutumin Maraɗi ne kamar mahaifiyarku, shi take bi, ni da shi kuma kusan sa'anni ne. Ya yi boko da Faransanci, ya zauna Yamai, ya zauna Kwatano, inda ya yi aiki a irin shagon nan da ake biya a hau intanet. Dogo ne siriri, in yana dariya har kafaɗunsa rawa suke yi, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya ba tare da yana kaɗa ƙafa ba. Ya sauka gidanmu da jaka ɗaya da tsohuwar kwamfuta a cikin kwali, an naɗe ta da bargo. Inna, mahaifiyata kuma kakarku, ta ba shi ɗakin da ke jikin zaure. Tun ranar farko ya sa mani suna Mushe, yadda suke kiran malamin makaranta a can, kuma har ya bar garin bai taɓa kirana da wani suna ba.

Ya kama ɗan shago a bakin hanyar Magama, kafin a kai shingen kwastan. Da farko takardu yake buga wa direbobi da fatake, wanda zai shiga Nijar ya cika masa da Faransanci, wanda zai shigo Najeriya in taimaka da Turanci in na taso daga makaranta. Wata Lahadi, ranar kasuwa, muna zaune wani dillalin wake ya shigo ya sa wayarsa caji. Cikin ɗan lokacin da ya zauna an kira shi ya fi a ƙirga, daga Legas, daga Kwatano, daga Damagaram, kuma tambayar ɗaya ce: yaya wake yau, yaya aya, yaya canjin sefa, hanya a buɗe take? Da ya fita sai Isuhu ya juyo gare ni.

"Mushe, ka ga abin da mutanen ga ke ƙona katinsu a kai? Labari ne kawai. Mu da muke zaune bakin iyaka, labarin a ƙofarmu yake kwana. In muka buɗe shafi muka riƙa rubutawa, kai da Hausa ni da Faransanci, kowa ya duba daga inda yake."

Na ce, "To mu mi za mu samu?"

"Akwai kamfani a ƙasashen waje da ke neman wurin liƙa talla. In mutane na zuwa shafinmu, za su sa 'yan tallace-tallace a gefe. Duk wanda ya latsa ɗaya, ana ajiye muna ɗan abu kaɗan. In ya taru su aiko. Kuma in wani ya sayi kaya wurin ɗan kasuwa ta hanyarmu, muna da la'ada."

Ban yarda ba, amma na ji kunyar in ce masa a'a. Haka muka fara. Duk Lahadi in ɗauki littafi in zaga kasuwa, daga 'yan hatsi zuwa kara, daga kara zuwa 'yan canji. Shi kuma ya bi direbobi a tasha ya ji labarin hanya, da takardun da duwan, wato kwastan na Nijar, ke nema a makon. Bayan la'asar mu haɗu a shago, ya tayar da ɗan janareto, ya ɗora shayi a kan gawayi irin nasu na zagaye uku, ina karantowa yana bugawa. Watanni muka yi ba mu ga komai ba sai kuɗin mai da ke fita. Sannan a hankali aka fara zuwa. Ya kuma samu wani ɗan kasuwa a Kano mai sayar da fitila mai aiki da hasken rana, suka shirya cewa duk wanda ya yi oda ta shafinmu, za a ware mana namu.

Ranar da na yi wa Inna bayani tana zaune tana tsince wake a faifai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Wato dillanci ne."

"Kusan haka ne, Inna."

"Dillalin da bai ga mai saye ba, bai ga mai saidawa ba, bai taɓa kaya ba. To Allah shi sa albarka. Ni dai ku riƙa faɗin gaskiyar farashi."

Abin da ya ɗaga shafin kuwa ba farashi ba ne. Wata tsohuwa ce daga ƙauyen Kusa ta zo shagon da hoton jikanta, ta ce an gaya mata akwatin nan na kai saƙo Libiya, ɗanta na can shekara uku, bai taɓa ganin yaron ba. Isuhu ya sa hoton, ya rubuta sunan ƙauyen da na uban. Kafin mako biyu uban ya bugo waya yana kuka. Daga nan muka buɗe sashen gaisuwa: haihuwa, aure, rasuwa, wanda ya dawo daga Hajji. 'Yan Jibiya da na Maraɗi da ke warwatse a Sabha ta Libiya da Jidda da Abijan suka mai da shafin kamar dandalin garinsu. Suna karantawa, suna latsa talla, wasu suna saya wa iyayensu fitila a aiko ƙauye. Kuɗin farko da ya shigo ta bankin Maraɗi, Isuhu bai tsaya rabo ba, ya sayo wa mahaifiyarku keken ɗinki, ya ɗauko shi bisa kai tun daga bakin titi yana haki yana dariya.

Ban taɓa zama cikin gida mai daɗi kamar na wannan shekarar ba. Mahaifiyarku da kuka sani mai shiru, a lokacin ba haka take ba. In yayanta ya shigo, harshenta sai ya koma na Maraɗi tsantsa, su yi ta tsokanar juna a kan abin da ya faru suna yara, wa ya fasa tulu, wa ya sha duka. Inna na gefe tana shiga tsakani, kullum bayan Isuhu take bi. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar keken nan haɗe da muryoyinsu uku a tsakar gida, da ƙamshin shayinsa da ya kama labulen zaure.

Akwai abin da ban fahimta da kyau ba sai daga baya. Tallar da ke gefen shafi ba mu muke zaɓar ta ba. Kamfanin ne ke turowa, kuma abin da mai karatu a Jidda zai gani daban ne da abin da mu muke gani a Jibiya. Wani dattijo mai mutunci daga Bugaje, Malam Barau, ya rasu, muka sa sanarwa da hotonsa da addu'a. Babban ɗansa ya buɗe shafin a can inda yake, sai ya ga a jikin hoton mahaifinsa an liƙa tallar gidan caca, da hoton wata mace kusan tsirara. Ya bugo gida ransa a ɓace. Wani ya je Katsina ya sa aka buga irin wannan shafin a takarda, takardar ta fara yawo daga hannu zuwa hannu.

Ku da ba ku ga shekarun nan ba, sai na ɗan kwatanta maku. Mutane sun karɓi Shari'a da zuciya ɗaya, ni ma ina cikinsu, kuma har gobe ban yi da-na-sanin wannan ba. An rufe gidajen giya da na caca, masu yi suka tsallaka Nijar. Amma tare da wannan alheri kowa ya zama mai tsaron sunansa, kalma ɗaya a bakin masallaci ta isa ta canza yadda ake gaishe ka. Ni kuwa a lokacin ni ke jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan, kuma ana ta maganar za a ba ni shugabancin makaranta.

Limaminmu, Malam Sha'aibu, ya kira mu zaurensa mu biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya sa Isuhu ya yi masa bayani dalla-dalla, ya yi tambayoyi, sannan ya ce:

"La'adar fitila halas ce, ba ni da shakka. Sada zumuncin da kuke yi kuma lada ne. Amma kuɗin latsawar nan, in ana kiran mutane zuwa caca ta ƙofarku, kuna da kaso a ciki. Za a iya tace shi?"

Isuhu ya ce, "Ana iyawa, Malam, amma ɗaya bayan ɗaya ake toshe su, in ka toshe wannan wani ya ɓullo. A ba ni zuwa bayan Salla. In na kasa, mu cire tallar duka mu tsaya kan fitila. Kuma ni da kaina zan tahi Bugaje in ba iyalin haƙuri."

Malam ya ce ya yarda. Ina so ku riƙe wannan: akwai mafita, malami ya amince da ita, kuma ina zaune aka yi.

Kwana biyu bayan haka aka aiko cewa mahaifiyar su Isuhu ba ta da lafiya, ya tafi Maraɗi. Malam Sha'aibu ma ya yi tafiya, don haka ni na ja la'asar a ranar. Ina sallamewa sai ƙanin marigayin ya miƙe daga sahu na biyu da takardar a hannu. Ya ce yana da tambaya a gaban jama'a: mutumin da ke cin kuɗin caca a kan gawar ɗan'uwansa, shi ne zai riƙa ba mutane salla? Na ga fuskokin iyayen ɗalibaina, na ga maƙwabtana. Da na ce masu ga yadda abin yake, ga abin da liman ya yanke, da mai yiwuwa an yi gunaguni an watse. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ni ba ruwana da wannan shafi. Aikin baƙon nan ne ɗan Nijar. Farashi kawai nake kai mashi, ban san abin da yake sawa ba."

Na ji yadda numfashin mutane ya sauka, wasu suka gyaɗa kai. Mutumin ya naɗe takardarsa ya zauna. Daga masallaci ban bi ta gida ba, na wuce shago. Ina da mabuɗi, ina da kalmar sirri, shi da kansa ya koya mani don in riƙa sa farashi in ba ya nan. Na tayar da janareto, na shiga, na nemi wurin da ake goge shafi gaba ɗaya. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Hotunan jarirai, sanarwar aure, addu'o'in mamata, aikin fiye da shekara, duk suka tafi kafin in ɗauke hannuna. A lokacin na gaya wa kaina don Allah na yi. Na daɗe da sanin cewa tsoron mutane ne.

Magana ta riga ni isa gida. Mahaifiyarku ta kawo mani ruwa, ta ajiye, ba ta zauna ba.

"Malam, an ce ka ce baƙo."

Na sunkuyar da kai ina kallon ruwan.

"Yayana ne baƙo a gidan nan? To ni fa?"

Ba ta jira amsa ba, ta shige ɗaki. Inna ce ta yi magana daga inda take, ba ta ko dube ni ba.

"Uwata daga Madarunfa, can Nijar, aka kawo ta. In za ka fara ƙirga baƙi, ka fara da ni."

Isuhu ya dawo da hantsi bayan kwana uku. Direbobi sun gaya masa komai tun a mota. Na same shi a shago yana naɗe wayoyi, ya riga ya kwance kwamfutar. Ya gaishe ni kamar kullum, na tambayi mai jiki, ya ce da sauƙi. Na fara yi masa bayani, cewa an matsa mani, cewa abin ya zo mani ba shiri. Ya bar ni na gama.

"Mushe, shafi ba komai ba ne. Wata ɗaya ya ishe ni in gina wani. Da ka goge shi ka ce mani, Isuhu na ji tsoro, wallahi da mun sha shayi a kai mun wuce. Amma ka tsaya a masallaci ka ce ba ka san ni ba. Gobe in na shiga sahu, kusa da wa zan tsaya?"

Na ce masa zan gyara.

"To ka gyara. Yau la'asar ina nan."

Wannan ita ce dama ta biyu, kuma ita ce wadda ta fi hana ni sakewa. Na je la'asar. Malam Sha'aibu ya dawo, shi ya ja salla. Isuhu na can sahun baya, na ga dogon wuyansa da na waiwaya. Aka sallame, aka yi addu'a, ban miƙe ba. Na ce wa kaina bari mutane su ragu. Mutane suka ragu. Na ce bari in fara sanar da liman a keɓe. Da na sake waiwayawa, wurinsa babu kowa.

Washegari ya yi sallama da Inna, ya durƙusa ta sa masa albarka tana hawaye. Ya je Bugaje kamar yadda ya yi alkawari, ya ba iyalin Malam Barau haƙuri, bai ambaci sunana ba. Sannan ya tsallaka iyaka. Abin da ya rage na kuɗin talla bai karɓa ba, ni ma ban nema ba. Bayan shekara aka ba ni shugabancin makaranta, na yi wa gida rufin kwano, mutane suka haɗa wannan da tafiyarsa hannu rabbana, suka ce na cinye shi. Ban ƙaryata ba, domin ƙaryatawa na bukatar in faɗi gaskiyar abin da ya faru.

Mahaifiyarku ba ta yi yaji ba, ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta rage mani komai na hakkina ba. Harshenta ne kawai ya daina komawa na Maraɗi. Isuhu ya zauna Agadas, ya yi aure, ya samu ɗiya mace, daga baya ya wuce Sabha yana gyaran waya. Yakan kira ƙanwarsa jefi-jefi, in ta ga lambar sai ta shiga ɗaki. Da mahaifiyarsu ta rasu na je Maraɗi da niyyar in tare shi a gaban dangi, aka ce hanya ba ta ba shi ba, bai samu zuwa ba. Sau da yawa in na bi ta hanyar Magama nakan rage tafiya a ƙofar shagon. An mai da shi wurin sayar da taya. Wata rana na tsaya har mai shagon ya tambaye ni ko taya nake nema, na ce a'a, na wuce.

Sau ɗaya na sake jin muryarsa. Lokacin an haifi autanmu da mako biyu, da rana tsaka ina gyara amalanke a ƙofar gida, mahaifiyarku ta fito har zaure da waya a hannu ta miƙo mani.

"Mushe."

"Isuhu."

"An ce an samu ƙaruwa. Barka. Wa aka sa mashi?"

Na ce, "Yusufu."

Ina jin hayaniyar motoci a bayansa, da wani yana magana da Larabci. Sannan ya ce, a hankali:

"Allah shi raya. Allah shi sa ya fi mai sunan zama wuri ɗaya."

Ya ɗan yi dariya, irin tasa, amma gajeruwa. Maganar da na yi shekaru ina shiryawa tana bakina. Sai na tsaya tambayarsa aiki, da zafi, da iyali, ina jira in samu ƙofar shiga. Yana cikin amsawa katinsa ya ƙare. Na kira lambar, ta shagon kiran waya ce, wanda ya ɗauka ba ya jin Hausa. Bayan damina biyu aka aiko cewa ya rasu, zazzaɓi na kwana huɗu, an binne shi a can.

Bayan addu'ar bakwai na miƙe a masallacin nan, a gaban waɗanda suka rage daga cikin mutanen wancan lokaci, na faɗi yadda aka yi. Yawancinsu sun manta. Wani ya ce Allah ya jiƙan shi, aka shafa, aka tashi neman takalma. Abin da na kasa faɗi saboda tsoronsu bai ɗauke su minti biyu ba.

Yusufu, yanzu ka san dalilin da ya sa mahaifiyarka ba ta taɓa kiran sunanka ba, take ce maka Kawu. Ɗiyarsa sunanta Hadiza, an ce tana aure a Agadas, a unguwar da ke bayan tashar manyan motoci, kuma dangin mahaifiyarku na Maraɗi sun san gidan. Ni tafiyar ta fi ƙarfina yanzu. Ɗayanku ya je, ya tafi da wannan babin, ya karanta mata shi tun daga farko, kada ya tsallake wurin masallaci. In ta tambaya ko wane ne ya aiko, ku ce mata wanda babanta ke kira Mushe ne, kuma yana neman gafara.